Rubutun hannun kakanni a gafaka: a ɗauke shi hoto yanzu, ko a jira na'urar da za ta karanta?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum. A gidanmu akwai akwatunan ƙarfe biyu cike da rubutun hannu da aka gada, wasu a gafaka, wasu an ɗaure su da igiyar fata tsakanin bango biyu. Yawanci Larabci ne, amma akwai waƙoƙin ajami na Hausa da na Fulatanci, da wasiƙu. Gara ta taɓa na ƙasa, gefen wasu takardun kuma yana karyewa da an ɗaga su. Samarin gidan sun rabu biyu. Wasu sun ce a ɗauke su hoto da waya a zuba a zauren WhatsApp na dangi, a kai na asalin a yi musu laminatin. Wasu sun ce a dakata, nan da 'yan shekaru ƙirƙirarriyar basira za ta karanta komai ta fassara, irin yadda ake gani a finafinan ƙagaggen kimiyya. Dattawa kuwa tsoronsu shi ne in hoto ya fita daga gida, to ya fita ke nan. Da me ya kamata a fara, da wane kayan aiki, kuma me ke ɓata irin wannan aiki?

Mai Adana

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo maganar kyamara, tun yau ka hana mutanen gidan abu uku: laminatin, salatif, da jera takardu wai don su yi tsari.

Laminatin zafi ne da gam. Robar tana kama takarda, ba ta fita sai ta tafi da tawada, kuma tsamin da ke cikin takardar yana kulle a ciki yana ci gaba da cin ta. Salatif kuwa, gam ɗinsa yakan koma ruwan ƙasa ya ratsa takardar, robar ta faɗi, tabon ya zauna a kan rubutu. Allurar sitafula da kilif tsatsa suke yi da damina.

Na ukun ya fi haɗari domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Littattafan ƙasar nan ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa ne a sake, kuma galibi ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalmar nan guda da mai kwafi ke sawa a ƙasan bayan warƙa ta gefen hagu, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. In wani ya kwance ɗauri biyar a tabarma ɗaya, ko ya ware takardun bisa girmansu, aikin mako ya koma na shekara. Ɗauri ɗaya ake kwancewa a lokaci guda, a ba shi lamba, sannan a sa wa kowace warƙa ƙaramar lamba da fensir mai laushi, 2B, a kusurwar sama inda ba rubutu. Ko kun ga alamar an riga an cakuɗa su, ku sa lambar yadda kuka tarar. Daga baya a gyara tsarin a kan hotuna. 'Yar guntuwar takardar da aka soke a tsakiya ita ma a ba ta lamba a bar ta inda take, sau da yawa sharhin wani malami ne a kan shafin.

Maganar gara ta fi sauƙi. Daga ƙasa take zuwa, ta hanyar da ta gina wa kanta. Ku ɗora akwatunan a kanta ta ƙarfe, santimita 20 daga ƙasa, taƙi ɗaya daga bango. Garar da ta rage a ciki ba ta daɗewa in an raba ta da ƙasa. Ƙananan ƙwarin da ke huda takarda suna barin gari sun fi wuya. Kada a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan takarda, yana tabo, kuma mai karatu ne zai shaƙe shi. Yadda ake yi shi ne a sa ɗaurin a leda mai kauri riɓi biyu, a matse iska a ɗaure tamau, a sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili har mako biyu ba yankewa. In an fito da shi a bar shi a rufe yini da kwana, don raɓa ta sauka a kan leda, ba a kan takarda ba. Amma in wutarku ba ta tsayawa, kada ma ku fara, narkewa da daskarewa jiƙa takarda suke yi. Gwamma a ware ɗaurin a wani ɗaki, a share shi warƙa-warƙa da burushi mai laushi, a riƙa duba shi duk mako biyu.

Yanayin Sakkwato yana dukan takarda ta fuska biyu: hunturu ya busar da ita har ta karye, laimar Agusta ta kawo fumfuna. Abin da ake so laima ta zauna tsakanin kashi 35 da 50 cikin ɗari ba tsalle-tsalle, kuma 'yar na'urar auna laima ba ta da tsada. A zaɓi ɗaki na tsakiyar gida, ba mai kallon yamma ba, ba wanda kwano ke kansa kai tsaye ba, domin zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Kada a adana a leda, gumi take tarawa. A naɗe kowane ɗauri da farin yadin auduga da aka wanke sitacinsa ya fita, ko kwali marar tsami in an samu. Gafakar kanta tarihi ce, a bar ta da littafinta, sai dai a sa farar takarda tsakanin fata da warƙar farko.

Tawada iri biyu za ku gani. Ta gawayi da ƙaro a saman takarda take zaune, ruwa kaɗan ya wanke ta. Ta bagaruwa da ƙarfe takan koma ruwan ƙasa, in ta yi ƙarfi ta ci takardar har haruffa su huje, laima kuma tana ƙara mata sauri. Don haka ba jiƙaƙƙen tsumma, ba lasar yatsa wurin buɗe shafi. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, domin da safa ba ka jin inda takarda ke shirin karyewa. Warƙar da ta yi rauni a zura mata takarda mai ɗan kauri a ƙasa a ɗaga su tare.

Mai Hoto Runjin Sambo

Abin da Yaya Mai Adana ta faɗa shi ne farko. In an gama sa lamba, ga yadda ake ɗauka.

Sikana irin ta shagon kwafi ba ta wannan aiki ba ce: murfinta yana danne takarda, mai jan takarda da kanta kuwa yaga take yi. Kyamara ake kafawa a sama tana kallon ƙasa. Mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. In hoton ya ɗauki fili mai tsawon santimita 30, kun sami kusan ɗigo 500 a kowane inci, alhali mafi ƙaranci da ake karɓa 300 ne. Gilashin gaba ya zama mai milimita 50 ko 60, domin mai faɗin gani yana lanƙwasa gefen shafi. Don tabbatar da kyamara ta miƙe, a ajiye ƙaramin madubi a tsakiyar tebur. In gilashin kyamarar ya bayyana daidai tsakiyar hoto, ta daidaita.

Komai a saita shi da hannu a bar shi haka: ISO 100, buɗin ido f/8, a daidaita launi da kati mai ruwan toka. In aka bar wa kyamara ta zaɓa, shafi ɗaya zai fito rawaya, na bayansa shuɗi. Fitila biyu na LED iri ɗaya, dama da hagu, kowace a karkace digiri 45, masu farin haske na 5000 zuwa 5500K, lambar CRI ɗinsu, wato ma'aunin fitar da launi daidai, sama da 90. A rufe taga, a kashe ƙwan ɗaki, ba filasha, kuma a kashe fanka. Kada a danna kyamara da yatsa, a ɗauka daga kwamfuta ko a sa jinkirin daƙiƙa biyu.

Baƙin kwali a ƙasa, rula da katin launi a gefe. Warƙa ta fito dukkanta har da gefunanta, kada a yanke, domin a gefe ake samun sharhi da sunan mai littafi. A ɗauki gaba da baya ko da bayan fari ne, a ɗauki gafaka da bango. Sunan fayil ya bi lambar fensir: akwati, ɗauri, warƙa, fuska, misali A1_007_012a. Ku sa sifili a gaba, in ba haka ba kwamfuta za ta sa 10 kafin 2.

Na asali a ajiye shi RAW da TIFF, wato nau'in fayil da ke riƙe cikakken hoto, sannan a fitar da JPEG, wanda aka matse, don rabawa. TIFF ɗaya daga irin wannan kyamara kusan megabait 72 ne, wato littafi mai warƙa 300 hoto 600 ne, kimanin gigabait 43. WhatsApp matse hoto yake yi, kuma abin da ke fara ɓacewa shi ne ɗigo da wasali. A rubutunmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya ne a sama, to ka ga in ɗigo ya dushe kalma ta canza.

Mutum biyu ke aikin, ɗaya a takarda, ɗaya a kwamfuta. Kafin a ɗaure kowane ɗauri a ƙirga: hotuna, ban da na gafaka da bango, su zama ninkin warƙoƙi biyu daidai, a buɗe wasu a cikakken girma a ga ko wasali ya fito tas. Tsallake warƙa da dushewar hoto su ne kurakuran da aka fi yi, kuma sake kwance tsohuwar takarda wahalar da ita ne. Wuta kuwa, kwamfuta da fitilu da kyamara kusan wat 120 ne, awa shida wat-awa 720. Batirin sola na 12V 100Ah na ruwa rabinsa kawai ake ci, wajen 600, don haka bai isa yini ba. Na litiyam mai wannan girma ya isa. Da hunturu kada a riƙa cire gilashin kyamara, ƙura ɗaya in ta shiga za ta fito a wuri ɗaya a kowane hoto.

Almajirin Kanwuri

Allah shi saka muku da alheri. Amma hoto dubu goma da ba a san abin da ke cikinsa ba, rumbu ne da anka cika anka jefar da tsani. Dole malami mai karatun irin wanga rubutu shi zauna tare da masu ɗauka.

Ga kowane ɗauri a rubuta layin farko bayan bisimilla da salati, da layin ƙarshe, da mawallafi, da mai kwafi, da wanda anka kwafa dominsa, da harshe, da yawan warƙa, da girma, da layi nawa ga shafi, da ko cikakke ne. Ɗauri guda kan ƙunshi littafi biyar ko shida, kowane da nasa bayani.

A rarrabe shekarar wallafa da shekarar kwafi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, amma kwafin da ke hannunku shina iya zama na bayan shekara ɗari, domin mai kwafi kan kwashe har da tarihin da mawallafi ya sa. Takarda na taimakawa. A ɗora warƙa bisa faranti mai haske a ɗauki hoton alamar da ke cikin jikinta. Jinjirin wata uku alamar takardar arewacin Italiya ce, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar, wani lokaci har da sunan masana'anta kamar Andrea Galvani. Sai dai an daɗe ƙwarai ana yin ta, don haka ita kaɗai ba ta yanke shekara. Takarda mai layi irin ta littafin makaranta kuwa ta bayan zuwan Turawa ce, 1903.

Ramzi, wato rubuta shekara da haruffa, nan ne mutane ke faɗuwa. Malamanmu da lissafin haruffa na Magariba sunka yi aiki, ba na Gabas ba. Wurinmu shin 1000 ce, sin 300, sad 60, dad 90, gain 900. A Gabas shin 300 ce, gain ita ce 1000. Ɗauki shin, ra, ya, ha ƙarama: 1000 da 200 da 10 da 8, wato 1218, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu, wadda ta zo daidai da farkon 1804. Wanda ya bi lissafin Gabas zai sami 518, ya ce maka takardar ta girmi hijirar Shehu da shekara ɗari bakwai. Mai da Hijiriyya Miladiyya a taƙaice: a ninka da 0.97 a ƙara 622.

Kuma ba duk takardar da ta buɗe da sunan Shehu ba ce tasa, an jingina masa abubuwa da yawa bayan rasuwarsa a 1817. A gwada da kundin John Hunwick na marubutan Larabci na wannan yanki, juzu'i na biyu, 1995, a kuma kai kwafi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu ko Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a kwatanta da nasu.

Shawarata ga abin da za a fara: sanannun littattafan Shehu da Abdullahi da Bello suna da kwafi da yawa a wurare da yawa. Abin da babu irinsa ko'ina sai gidanku shi ne wasiƙu, da ijaza, da sharhin gefe, da takardun bashi da na rabon gado, da waƙoƙin da mata ke karantarwa irin na 'Yan Taru tun zamanin Nana Asma'u. Waƙoƙin Fulatanci su ne sunka fi gaggawa, masu karanta su sun yi ƙaranci. Ajami kuma ba ya nuna komai. O da u galibi alama ɗaya ce, sai wanda ya san waƙar ke rarrabewa. In akwai tsoho ko tsohuwa da ke rera su, a ɗauki muryarsu yanzu, a faɗi lambar warƙa kafin kowace waƙa.

Injiniya Arkilla

Allah ya gafarta Malam, maganar muryar nan ita ce amsar masu cewa a jira na'ura. Na'ura ba ta san abin da ba a koya mata ba.

Manhajojin karanta rubutun hannu suna nan tun yanzu, irin su Transkribus da Kraken, na biyun yana iya rubutun dama zuwa hagu sosai. Amma sai mutum ya buga mata rubutun layi bayan layi daidai da hoto, kamar shafi 50 na hannun marubuci ɗaya, kafin ta fara kamawa. Ko ta kai kuskuren harafi 5 cikin ɗari, a layi mai harafi 40 biyu ba daidai ba ne, kuma da an canza marubuci kuskuren ya hau. Sharhin gefe da ke tafiya a karkace yana rikita mata gane layi. Wadda aka horar da bugun Gabas tana ganin ƙaf ɗinmu ta ce fa ce. Ajami ya fi wuya, domin kowane malami da yadda yake rubuta ɓ da ƙ da ts.

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira sun fi ban tsoro. Ka ba ta shafin da gara ta cinye rabin layi, za ta cike maka gurbin da Larabci mai daɗi, ba za ta nuna maka inda ta ƙara ba. A takardar nasaba ko ta gona, wannan fitina ce. Na'urar finafinai da ke karanta komai nan take, in ma za ta zo, da hotuna masu kyau da rubutun da malamai suka buga za a gina ta, jira kuwa ba ya samar da ko ɗaya. Wurin bugawa a rubuta yadda yake a takarda, kada a gyara wa marubuci. Akwai fasalin haruffa na Alkalami da Harmattan, kyauta ne, don rubutunmu aka yi su.

Kada kuma a ɗauka hoto ya fi takarda daɗewa. Kundin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a Ingila a 1086 har yau ana karanta shi. A 1986 BBC ta yi sabon irinsa a faifan lesa, kafin shekara ashirin sai da aka yi aikin ceto domin na'urar karanta shi ta ɓace. Don haka kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari. Filash da katin waya ba ma'ajiya ba ne, in sun daɗe ba wuta a cikin zafi suna zubar da abin da ke ciki. A fitar wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ke nuna in fayil ya lalace, duk shekara a gwada, duk shekara huɗu ko biyar a kwashe zuwa sabon faifai. Kundin bayanin da Malam ya faɗa a buga shi a takarda a sa a akwati, kalmar sirri kuma kada ta zauna a kan mutum ɗaya.

Inda na ɗan saɓa da Mai Hoto: in kuɗin kyamara zai jinkirta aikin shekara guda, a yi da waya mai kyau. A kafa ta a kan sanda da fitilu iri ɗaya, a yi amfani da babban gilashinta ba tare da jawo hoto ba, a kunna RAW in tana da shi. Abin gudu shi ne manhajojin sikana na waya, suna farar da takarda su goge jan tawada da ya dushe.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai. Saura maganar dattawa. In wata cibiya ta ce za ta ɗauka kyauta, a yarda?

Baba Tudun Wada

Ɗana, tsoron dattawanku yana da tushe, amma kulle akwati ma ba tsaro ba ne. A Janairun 2013 an ƙone ko an kwashe rubuce-rubuce kusan 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Mafi yawan na garin sun tsira ne domin iyalai da ma'aikata sun kwashe su zuwa Bamako tun da wuri. A nan gida kuma, littafin Murray Last na 1967 ya iya ba da tarihin Daular Usmaniyya daga bakin takardunta ne domin Waziri Junaidu ya buɗe ɗakin karatunsa. Gidan da ya ɓoye nasa gaba ɗaya, wasu ne za su rubuta tarihinsa.

Ku kasa takardun kashi uku bayan malami ya duba. Na ilimi, fiƙihu da nahawu da waƙoƙin wa'azi, a saki. Wasiƙu, mai bincike ya gani da izini a rubuce. Na uku su ne na nasaba, da gonaki, da bauta da 'yantawa, da asirin magani. Jikokin waɗanda aka ambata suna raye, kuma takarda ɗaya tana iya tayar da rigimar sarauta ko ta fili. A ɗauke su hoto kamar sauran, kada a yaga kada a ƙone, amma a ajiye su a faifai daban wanda ba ya shiga intanet.

Cibiya kuwa, ku karanta sharuɗɗanta kafin sa hannu. Shirin ceton kundaye na Ɗakin Karatu na Birtaniya, misali, yana barin na asali a ƙasarsu amma yana sa hotunan a intanet kowa ya gani, don haka kashi na uku bai dace da shi ba. A yarjejeniya a rubuta cewa a cikin gidanku za a yi aikin gaban ɗan gida, ba warƙar da za ta fita. Za a ba ku cikakken TIFF ba ƙaramin JPEG ba. Za a ambaci sunan gidan duk inda aka yi amfani da hoto. Ba bugawa don sayarwa ko horar da na'ura sai da sabon izini. Dillalin da ya zo saye ku tuna masa dokar 1979 ta Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta sa rubutun hannu na kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fita da su waje ba da izini ba.

Rabon gado ya fi dillali wargaza littattafai, domin an sha raba littafi ɗaya tsakanin magada uku. Magada su zauna gaban alƙali ko malamin da suka yarda da shi, su mai da akwatunan waƙafi na zuriya, a naɗa mutum biyu masu kula, a rubuta yadda za a maye gurbinsu, kowane ɗaki kuma a ba shi faifai ɗaya na hotunan kashi na farko da na biyu.